Shekara Saba'in Muna Ɗaga Mota, Hanya Tana Nan Inda Take

Satin da ya wuce na biya Kasuwar Ƙofar Ruwa ni da ƙanena, muna neman kayan gyaran ƙafar wata tsohuwar Hilux da muka haɗa kuɗi muka saya a gidanmu. Ita ce ke fito mana da amfanin gona daga ƙauyenmu, can cikin mazaɓar Unguwar Tudu, zuwa bakin titi. Ita ce kuma motar asibitinmu idan naƙuda ta tashi da tsakar dare. A wani shago aka ciro mana kwalaye aka ce ga cikakken saiti na ɗaga mota, da sifirin ɗinsa da shokozoba huɗu da bushi da notina, komai da komai. Da mai shagon ya faɗi kuɗin sai da na nemi benci na zauna, don ya haura albashina na wata uku.

Wani dattijon bakanike da ke gefe yana jin mu sai ya yi dariya, ya ce, “Yallaɓai, mu tun muna yaran gareji mota muke ɗagawa. Hanyar ce dai har yau ba a samu mai ɗaga ta ba.”

Wannan magana ta tsaya min a rai. Yanzu da damina ta kankama, ga hotunan motocin da suka kafe a laka suna ta yawo, ga matasa suna ta musu a kan wace mota ce ta fi tsayi da jure wuya, na ga ya dace mu ɗan waiwaya mu ga yadda aka yi muka zo nan. Ku yi haƙuri, rubutun yana da ɗan tsawo.

Mu fara daga zamanin gyaɗa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi sosai a 1912, kuma daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe. To amma jirgi bai biyo ta ƙasar Gwarzo ba. Mu muna tsakanin layi biyu ne: na Kano a gabas, da wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa har ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Saboda haka duk gyaɗar da aka noma a wajenmu, da audugar, sai an ɗauke ta tafiya mai nisa kafin ta ga jirgi. Kakanninmu sun ba mu labari cewa jaki da raƙumi da takarkari su ne suka yi wannan aiki shekara da shekaru. Jaki kuwa ba ruwansa da tsayin ƙasa, inda duk mutum ya taka zai taka.

Da motocin lodi suka fara shigowa, irin su Bedford da Austin masu bodin katako, hanyoyin da suka tarar na En'e ne, waɗanda talakawa suka share da fartanya da kwando bisa umarnin hakimi da dagaci. Mafi yawansu hanyoyin rani ne. Dattawa sun ce idan aka yi ruwa mai ƙarfi akan gitta sanda a hana manyan motoci wucewa har sai ƙasa ta sha iska, don kada su farfashe burjin. Su waɗannan motoci a kan sifirin mai falle-falle suke zaune, wato ƙarafa masu lanƙwasa da aka jera ɗaya kan ɗaya aka ɗaure. Idan falle ya karye a daji, ko lodi ya danne shi ya miƙe, wa za a nema? Maƙeri. A nan sana'ar ta samo asali. Mutumin da ya gaji ƙera garma da lauje shi ya koyi kwance sifirin, ya ɗora falle a kan guntun ƙarfen dogo, ya yi ta dukansa da guduma har lanƙwasarsa ta dawo, ya kuma ƙara falle ɗaya ko biyu daga na matacciyar mota. Ɗaga mota na farko a ƙasar nan ke nan, ba kwali ba takardar bayani.

A 1948 aka fito da Land Rover a Ingila, mu muka raɗa mata Landiroba. Ita ce motar Di'o da jami'an gona da malaman dabbobi da 'yan sanda. An gina ta ne tun daga masana'anta don inda babu hanya: tayoyi huɗu duk suna ja, cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta huɗu duk a kan sifirin mai falle, kuma haka aka ci gaba da yin ta har 1983 da aka fito da sabon samfuri mai sifirin na murɗe. Abin lura a nan shi ne, mai mulki ya samu motar da za ta kai shi ƙauye ta dawo da shi ko da hanya ko babu. Shi ba ya jin gargadar da zai sa ya matsa a gyara. Wannan ɗabi'a ba ta tafi da Turawa ba.

Sai zamanin Fijo, wanda ni ma na riski ƙarshensa. An fito da 404 a 1960, 504 kuma a 1968, sannan a 1975, zamanin Janar Gowon, aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna. A wannan shekarar ce ma 504 ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi a kan hanyoyin ƙura da laka. Wanda bai shiga 504 ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Mota ce ta gida, ta iyali, amma ƙafarta tana da wurin wasa sosai, ta faɗa rami ta fito ba ta daki ƙasa ba. Malamin makaranta zai tuƙa tasa daga Kano ya bi ta Rimin Gado ya sauka daga kwalta ya shiga ƙauyensu ba tare da ya kai ta wajen kowa a ɗaga ba. A shekarun nan ne kuma ake haɗa manyan motocin Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu, Leyland a Ibadan, Volkswagen a Legas. Motar da aka haɗa a ƙasarka, da hanyarka aka yi lissafinta.

Baffana yana da akori-kura 404 fara, da ita yake cin kasuwannin Getso da Gwarzo da Ƙaraye. Ina tuna ranar da aka ƙara mata falle bibbiyu a baya. Muna yara muka kewaye gindin darbejiyar da ake aikin. Da aka sauke ta daga kan jak sai ga bayanta ya ɗaga sama kamar ɗan akuya zai yi tunkuyi. Baffa ya ce kada mu damu, idan buhuna suka hau za ta daidaita. Haka kuwa aka yi. Wato shi ba tsayi yake nema ba, so yake idan ya yi lodi kada ta zauna a kan taya. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Shekarar 1986 ita ce mararraba. A cikinta gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci balle direban ƙauye. Masana'antun haɗa motoci suka shiga ja da baya ɗaya bayan ɗaya, ko da yake Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Sai kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai, waɗanda muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Su kuwa waɗannan an yi su ne don titunan Jamus da Holan masu santsi kamar faranti. Golf da Sharon da ire-irensu, cikinsu dab da ƙasa yake. Aka kawo su aka ɗora musu mutum goma da buhuna a but, aka ce su bi hanyar da Landiroba take bi. Ranar farko salansa ta tafi, rana ta biyu dutse ya fasa kaskon baƙin mai.

Daga nan ɗaga mota ya tashi daga abin masu lodi ya zama wajibi a kan kowa. Kanikawanmu kuwa ba su gaza ba. Wani ya yanko robar tsohuwar tayar tirela ya cusa a saman sifirin, wani ya ciro sifirin motar da ta fi girma ya saka, wani ya yi wa shokozoba ƙari da walda. Har yau idan ka tsaya a tashar Gwarzo ko ta Kabo ranar kasuwa, duba bayan Golf ɗin da ba ta yi lodi ba, za ka ga yadda ta ɗaga ɗuwawu. Ba haka ta baro Jamus ba.

Abin da zai ba ka mamaki, a wannan shekara ta 1986 ɗin dai aka kafa hukumar DFRRI don abinci da hanyoyi da raya karkara. Kafin ita ma, tun farkon shekarun 1980, KNARDA ta yi aikin hanyoyin burji a karkarar Kano. An yi aiki, ba a ce ba a yi ba, kamar yadda aka gina madatsun ruwa irin su Guzu-guzu da Magaga da Pada a yankinmu don a yi noman rani. Matsalar hanyar burji ita ce ba a yin ta sau ɗaya a tafi. Tana son gireda ta bi ta a kai a kai, a ƙara mata marmara, a yashe magudanun gefe, a buɗe bakin kwalbati kafin ruwa ya sauka. Idan aka bar ta damina uku, ruwa zai mai da tsakiyarta rafi, tayoyin manyan motoci su haƙa layi biyu masu zurfi, a bar tudu a tsakiya. Wannan tudun na tsakiya shi ne babban abokin gabar cikin mota, shi ne kuma ya ciyar da masu ɗaga mota shekara arba'in.

Ita kuwa Hilux, wadda Toyota ta fara yi a 1968, sunanta ya fito ne a maƙwabtanmu. A 1987 sojojin Chadi na Hissène Habré suka fatattaki dakarun Libiya masu tankoki a Fada da Wadi Dum, su kuwa a kan akori-kurar Toyota suke, har duniya ta sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Daga baya ita ce ta zama raƙumin hanyar Agadas zuwa Dirku zuwa Libiya. A wajenmu kuma ta gaji Landiroba: motar ayarin manya, motar 'yan kwangila, motar jami'an tsaro. Saitin ɗaga mota na kwali da na gani a Ƙofar Ruwa, asalinsa daga ƙasashe irin su Ostireliya da Amurka ne, inda mutane ke fita daji da mota don nishaɗi ko aikin gona da ma'adinai. Can mutum yana barin titi mai kyau da gangan ya je neman dutse ya hau. Mu kuwa dutsen ne ya zo ya same mu a ƙofar gida.

To bari in faɗi abin da na koya game da aikin kansa, don na biya kuɗin makarantar da tsada.

Na farko, ɗaga mota iri biyu ne. Akwai ɗaga bodi kaɗai, a sa wani abu tsakaninsa da shasi. Wannan ba ya ƙara wa cikin mota nisa da ƙasa, sai dai ya ba taya wuri. Akwai kuma ɗaga ta ƙafa, wato a canza sifirin ko a ƙara falle, ko a sa dogon maratayi a ƙarshen sifirin, ko a cusa bulon ƙarfe tsakanin sifirin da aksul. Wannan yana ɗaga shasi da inji da tankin mai.

Na biyu, kuma wannan mutane da yawa ba su lura da shi ba: ko inci nawa ka ɗaga motar da ke da aksul guda a baya, wannan ƙullin mai kama da tulu da ke tsakiyar aksul ɗin yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da ka ƙara. Idan ka tashi daga taya mai tsayin inci 29 ka koma mai 31, inci ɗaya tak ka samu. Kuma shi wannan tulun ne ke fara zama a kan tudun tsakiyar hanya.

Na uku, duk abin da ke haɗe tsakanin shasi da ƙafa an auna tsawonsa ne da tsayin asali. Shokozoba, tiyon birki, wayar birkin hannu, farfela, duk sai an duba su. Idan shokozoba ta yi gajarta, ita za ta riƙa riƙe nauyin aksul duk sanda taya ta faɗa rami, ba za ta daɗe ba. Idan farfela ta karkace da yawa, mota za ta riƙa kaɗawa, gaɓoɓinta su ci da wuri. A tsofaffin Hilux akwai wani ɗan bawul a baya da ke auna nauyin lodi ta yadda mota ta zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan ka ɗaga bayan ba ka gyara sandarsa ba, kullum zai ɗauka motar babu kaya, ko da buhu ashirin ne a kai.

Na huɗu, ƙarin falle yana hana mota zama, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa aksul ko taya ko shasi ƙarfi. Hilux kayan da aka yi ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu goma na masara mai kilo 100. Da sifirin asali, idan ka wuce ƙima motar da kanta za ta gaya maka, don za ta durƙusa. Idan ka ƙara falle ka toshe mata baki ke nan.

Na biyar, tsayi yana tafiya da saurin kifewa. Nauyi ya yi sama, faɗin ƙafa yana nan yadda yake. Ko yaro ya san tulun da ke kan gammo ya fi wanda ke ƙasa saurin faɗuwa.

Duk wannan ban san shi ba shekara uku da suka wuce, lokacin da na kai motarmu wani gareji na ce a ɗaga min ita sosai. Bakaniken ya ce inci biyu ya isa. Na ce ai kuɗina ne, a yi huɗu. Shi ma bai ja ba, aka sa bulo, aka sa dogon maratayi, aka ƙara falle biyu, aka bar tsohon tiyon birki yadda yake. Da na ga motar ta miƙe tsaye har hoto na ɗauka.

Da kaka ta yi, ƙanena ya ɗauko masara buhu goma sha takwas daga gona, ga 'yan aiki biyar a saman buhunan. A gangaren wani rafi tayar baya ta faɗa zaizaya, aksul ya saki ƙasa, tiyon birkin da dama a miƙe yake kamar tsirkiya ya tsinke. Ya taka birki ƙafarsa ta tafi kusan ƙasa, ɗan abin da ya rage na gaba bai iya riƙe wannan lodi ba. Ya karya sitiyari don ya kauce wa bakin kwazazzabo, motar ta jirkice ta kwanta a gefenta cikin yashi. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, buhu ya danne masa ƙafa ta karye biyu, har yau yana ɗingishi.

Da na je gaishe su, mahaifinsa bai ɗaga min murya ba. Cewa ya yi, “Malam, ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba.” Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na yarda da ƙaddara, amma na san bakin da ya ce a yi huɗu. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Shi ya sa wannan karon ban sayi saitin kwalin ba, ban kuma koma ga bulo ba. Mun sauke motar ta dawo inci biyu, muka sa shokozoba mai tsawon da ya dace, da sabon tiyo mai sarari, aka gyara sandar bawul ɗin, aka yi alaimen, aka saita fitilu don kada su riƙa haska idon mai zuwa. Ga duk wanda zai yi wannan aiki, ina roƙonsa abu kaɗan. Kada yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, a sa mata matokari mai ƙarfi. Kada a ƙarasa ɗaure notinan bushi sai mota ta sauka nauyinta ya zauna a kan tayoyinta. Kada a sa bulo a aksul na gaba ko da wasa. Bayan an yi 'yan kwanaki ana aiki da ita a koma a sake ɗaure notinan da ke riƙe sifirin da aksul, don suna saki. Sannan a raba mutane da buhuna, sahu biyu ya fi zaman makoki.

Amma jama'a, duk wannan magani ne na zazzaɓi, ciwon yana can. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne: na Tarayya, na jiha, da na ƙananan hukumomi, kuma hanyar da ke shiga ƙauyena da naka tana kashi na uku. Tun gyaran fasalin 1976 haka abin yake, kuma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina hanyoyi da magudanun ruwa da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, 44 daga ciki a Kano suke. Akwai kuma shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafa wa, wanda Kano na cikin jihohin da ke ciki. Sai dai hukunci a takarda daban, gireda a kan hanya daban. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda fayil ke tafiya: wanda ake bibiya shi ke motsi.

Saboda haka idan masu neman ƙuri'a suka zo, mu rage roƙon babur da atamfa. Mu tambaye su kwalbati nawa za a yi, a wane rafi, kuma wa zai riƙa yashe su kowace shekara. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, daga Kutama zuwa Lakwaya, daga Garo zuwa Durun, su rubuta wuraren da ke yanke hanya kowace damina, da hoto da suna, su kai a rubuce, su kuma riƙa komawa. Mu ma mu dawo da aikin gayya kafin ruwa ya sauka, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na zauna na yi lissafi a ƙauyenmu kaɗai: abin da masu motoci da masu babura ke kashewa a sifirin da shokozoba da taya a shekara biyu, da an tara shi wuri ɗaya da ya yi mana ƙaramin kwalbati a rafin da motarmu ta kwanta. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowane inci da kowace babbar taya da ka ƙara, a gidan mai za ka riƙa biyan kuɗinta.

Mai Hilux zai iya ɗaga tasa ya wuce. Mai Golf zai cusa roba ya lallaɓa. Matar da ke kan amalanken shanu da tsakar dare ana neman bakin titi da ita fa, me za ta ɗaga?

Wanda ya san tarihin hanyar garinsu, ko ya riski zamanin da ake gitta sanda bayan ruwa, don Allah ya ƙara mana bayani a ƙasa mu ƙaru. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu, Ya ba yaron nan lafiya, mu kuma Ya yafe mana gangancinmu. Amin.